Tsofaffin makaɗan zamani: wa ke ubangidansu?

Duk wanda ya san ƙasar Hausa ya san cewa makaɗin gargajiya ba ya kiɗa don iska. Kowane makaɗi da ubangidansa. A garin Kornaka, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, inda fadar sarkin kanto take, mutum ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan tsari, domin a cikinsa ya tashi. Makaɗan fada na sarki ne, shi ke tufatar da su, shi ke ciyar da su. Mai kalangu na mahauta ne, yana da rabonsa ranar kasuwa. Mai gangar noma na manoma ne, idan aka yi gayya aka tashi ba ya komawa gida hannu sake, idan kaka ta yi kuma damensa na nan. Ran da ɗayansu ya tsufa, hannu ya daina bin ganga, sai ɗansa ya gaje shi, gidan ubangida kuwa ba ya mantawa da tsohon. Wannan bai kai a kira shi wadata ba, amma sutura ce, kuma sutura ita ce abin da dattijo ya fi buƙata.

Akwai wani rukuni na makaɗa wanda wannan tsari bai san da zamansa ba. Su ne makaɗan zamani, masu gita da orgu da ƙaho da gangunan Turawa, waɗanda suka kafa ƙungiyoyin kiɗa a biranen Nijar tun daga shekarun 1960 da 1970. Mutanen Kornaka sun san muryoyinsu sarai. Sun ji su a akwatin rediyo, sun ji su a kaset cikin motocin da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Dakoro, sun taka rawa da kiɗansu a bukukuwan aure. Yau samarin wancan zamani sun zama dattawa, da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, saura kuma suna nan, ƙarfi ya ƙare. Lokaci ya yi da za a tambaya: su wa ke ubangidansu? Amsar ba ta da daɗi. Ƙasa ce ta haife su, jama'a ce ta more su, amma da tsufa ya zo, babu wanda ya ce nasa ne.

Yadda aka haife su

Kiɗan zamani bai faɗo daga sama ba. Bayan samun mulkin kai a 1960, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama sun ɗauki kiɗa a matsayin aikin gina ƙasa. A Gine, gwamnatin Seku Ture ta mayar da makaɗa ma'aikata masu albashi, ta ɗaukaka ƙungiyar Bembeya Jazz zuwa ƙungiyar ƙasa, ta kuma kafa kamfanin faifai na Syliphone. A Mali, hukumar jirgin ƙasa ce ta kafa Rail Band a Bamako a 1970, inda Salif Keita da Mory Kanté suka yi suna. A wannan shekara ta 1970 James Brown, sarkin kiɗan da Amurkawa ke kira fank, ya zo Legas ya yi wasa, a daidai lokacin da Fela Kuti ke gina nasa salon. Faya-fayan waɗannan mutane ba su tsaya a bakin teku ba. Sun biyo hanyar fatake ta Kano da Katsina, ta Jibiya da Ɗan Isa, har Maraɗi, samari suka ji, suka ce su ma za su iya.

A Nijar, bayan hawan Seyni Kountché mulki a 1974, an raya ƙungiyoyin samariya a kowane gari da kowace unguwa, aka kuma soma babban bukin matasa na ƙasa tun daga 1976, jaha-jaha suna karawa da juna a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Gidan rediyon ƙasa, Muryar Sahel, shi ne ɗakin ɗaukar murya, shi ne kuma kasuwa. Wanda aka ɗauki waƙarsa a Yamai, washegari ana jin sa daga Tillaberi har Difa. A 1987 aka ƙirƙiro gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin ƙasar Tawa, ba da daɗewa ba kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai, wadda aka sa wa sunan Alhaji Taya, ɗaya daga cikin magabatan wannan sana'a. Daga wannan ƙasa mai albarka ne sunaye irin su Ali Zibo, da Musa Pusi, da Fati Mariko, da Sa'adu Bori suka tsiro, kowa da zamaninsa.

Abin lura a nan shi ne, hukuma ta ba su dandali, ta ba su kofi da takardar yabo, wani lokaci ta ba su kayan kiɗa. Abin da ba ta ba su ba shi ne matsayi. Ba a rubuta su cikin ma'aikata ba, balle su sa ran fansho daga asusun ma'aikata na ƙasa. Ba su kuma cikin gidajen makaɗan gado, balle su jingina da fada. Sun tsaya tsakanin gida biyu, kamar jemage, ba su ga tsuntsu ba su ga dabba.

Abin da rayuwarsu ta nuna

Mutanen jihar Maraɗi ba sa buƙatar a gabatar musu da Sa'adu Bori. Shi ne ya ɗauko waƙoƙin bori, waɗanda aka saba ji da goge da ƙwarya, ya ɗora su a kan gita da gangunan zamani, har kiɗansa ya ƙetare iyaka ya cika kasuwannin Kano da Katsina. A tsakiyar shekarun 1990, Ibrahima Sylla, ɗan ƙasar Senegal wanda ya fito da manyan mawaƙan Afirka da yawa, ya ɗauki aikinsa tare da na Musa Pusi, aka fitar da faifai mai suna Niamey Twice a Landan. A wancan lokaci wannan babban abu ne ga ƙasar da ba a san ta da kiɗan zamani a waje ba. Sa'adu Bori ya rasu a 2008 cikin haɗarin mota. Har yau ana jin waƙoƙinsa a salula da gidajen buki. Tambayar da ta kamaci duk mai sauraronsa ita ce: daga cikin wannan saurare mai yawa, nawa ke isa ga magadansa?

Misali na biyu shi ne Mamman Sani. Tun cikin shekarun 1970 ya mallaki orgu mai aiki da lantarki, ya riƙa kaɗa waƙoƙin gargajiyar Nijar da nasa na kansa da ita. A 1978 ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa, aka buga kaset ƴan kaɗan, shi ke nan. Shekara da shekaru ana sa kiɗan nan tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, yara suka girma da shi a kunne, mafi yawansu ba su san sunan mai shi ba. Sai a 2013, bayan shekara 35, wani ƙaramin kamfani na Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake buga wannan aiki a faifai, aka kuma gayyaci mai shi zuwa Turai ya yi wasa yana dattijo. Kamfanin nan ne kuma ya fitar da tsofaffin waƙoƙin Azna de l'Ader, ƙungiyar garin Tawa wadda ta soma tun shekarun 1970, wadda ake kwatanta shugabanta Mona da Jimi Hendrix saboda yadda yake sa gita kuka. Shekaru masu yawa wannan ƙungiya tana kaɗa rok na gaske a tsakiyar Adar, duniya ba ta sani ba.

Babu laifi ga baƙon da ya zo ya tsinci abin da masu gida suka yar. Godiya ma ta kamace shi. Amma abin kunya ne a ce sai wani ya taso daga bayan teku kafin a san darajar kaset ɗin da ke kwance a cikin ƙura a Yamai. Hausawa sun ce sai an rasa rijiya ake sanin amfanin ruwa. A nan rijiyar na nan, masu ita ne suka manta inda suka haƙa ta.

Akwai wani abu kuma da ke fitowa fili idan aka jera rayuwar waɗannan mutane. Mafi yawan waɗanda suka daɗe suna kiɗa ba tare da sun wulaƙanta ba, suna da wata sana'a a gefe. Mamman Sani ya kasance ma'aikaci mai albashi. Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018 bayan ya kai kiɗan gurmi da na biram ƙasashen duniya, malamin lakwal ne tun asali. Almeida, shugaban ƙungiyar Tal National wadda faifanta Kaani ya fita a Ingila a 2013, ya yi shekaru yana aiki a kotu da rana, yana kaɗa gita da dare. Wannan abin yabo ne ga himmarsu, amma shaida ce a kan sana'ar: ita kaɗai ba ta riƙe mai ita har tsufa.

Ba talauci kaɗai ba ne

Wani zai ce ai ƙasa ce matalauciya, shi ya sa. Gaskiya ne akwai tazara. A Ingila, ƙungiyar Rolling Stones da aka kafa a 1962 ta fitar da sabon faifai a 2023, mawaƙinta Mick Jagger yana da shekara 80. A Amurka, Bob Dylan ya sayar da haƙƙin waƙoƙinsa a 2020, Bruce Springsteen ya sayar da nasa a 2021, kowannensu a kan ɗaruruwan miliyoyin dalar Amurka. Ga waɗannan mutane, tsohuwar waƙa gona ce mai ba da amfani kowace shekara, ana iya gadonta, ana iya sayar da ita.

Amma a Amurkar nan ne kuma Clyde Stubblefield ya rayu. Shi ne mai gangar James Brown, shi ya buga wani ɗan gajeren kiɗa a waƙar Funky Drummer wanda daga baya mawaƙa masu ɗimbin yawa suka yanka suka sa a nasu faya-fayan. Da yake ba a rubuta sunansa cikin masu waƙar ba, bai samu rabo daga wannan arziki ba, ya yi fama da ciwo da kuɗin magani har ya rasu a 2017. Ashe ba arzikin ƙasa ne kaɗai ke raba Dylan da Stubblefield ba, tunda ƙasarsu ɗaya. Abin da ya raba su takarda ce: ɗaya an rubuta aikinsa da sunansa, akwai kuma hukumar da ke bin kuɗinsa; ɗayan an biya shi ladan yini an sallame shi. Mafi yawan tsofaffin makaɗan Nijar a sahun Stubblefield suke. Mai gitar da ya ƙirƙiro amon da kowa ke ganewa da shi, da mai gangar da ya riƙe ƙungiya shekara 20, sau da yawa ko sunansu babu a bayan kaset.

Ga yadda haƙƙin mai fasaha ke aiki inda yake aiki. Mai waƙa ya kai aikinsa a rubuta. Gidan rediyo, da gidan rawa, da otal, da duk mai amfani da kiɗa don neman kuɗi, ya biya wani abu a shekara, ya kuma ba da jerin waƙoƙin da ya sa. Hukumar haƙƙi ta tara kuɗin, ta raba gwargwadon yawan sa kowace waƙa. Nijar tana da dokar kare wannan haƙƙi, tana da ofishin da aka ɗora wa aikin, wato BNDA, tun shekarun 1990. Sai dai sarƙa ce mai zobe da yawa, idan zobe ɗaya ya tsinke babu abin da ke isa ƙarshe. Waƙar da ba a rubuta ba, ba ta da mai ita a idon doka. Rediyon da bai ba da jeri ba, ba a san wa za a biya ba. Kasuwar kaset ta gurɓace da kwafi tun da wuri, sannan katin salula ya zo ya ƙarasa ta: yau a kowace kasuwar ƙauye akwai mai kwamfuta da ke zuba wa mutum ɗaruruwan waƙoƙi a kan ƴan daloli, shi ya ci, mai salula ya more, mai waƙa bai ga ko tamma ba.

Wannan hanya ta katin salula ba sharri ce zalla ba. Ta cikinta ne aka fara jin Mdou Moctar a wajen ƙasarsu, har waƙarsa ta shiga wani faifai da aka tattara daga wayoyin mutanen Sahara a 2011, daga nan ya kama hanyar zama ɗaya daga cikin masu gitar da duniya ke magana a kansu. Shi da Bombino sun taka hanyar da Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, ya share musu. Amma saurayi mai ƙarfi yana iya mayar da suna kuɗi ta hanyar yawon wasa ƙasa-ƙasa. Dattijo mai ciwon ƙafa ba ya iyawa. Abin da ya rage masa shi ne tsohon aikinsa, shi ne kuwa ake rabawa kyauta.

Masu cewa ba shi ne a gaba ba

Akwai masu ganin cewa ƙasar da ke fama da fari da rashin tsaro da tsadar hatsi ba ta da lokacin tsofaffin makaɗa. Akwai kuma masu cewa ai sun samu a lokacinsu, suka watsar. Maganar farko tana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce a ɗauki kuɗin rijiya ko na likita a ba mai gita. Amma abin da ake nema ba sadaka ba ce daga baitulmali. Bashi ne da ke kan masu amfani da aikin. Wanda ya ci gyaɗar manomi yana biya, ko ana fari ko ba a yi. Magana ta biyu kuwa, ko da ta tabbata a kan wasu, ba ta soke haƙƙi. Ba a taɓa hana tsohon ma'aikaci fanshonsa don ya yi almubazzaranci da albashinsa yana saurayi ba.

Sannan a tuna da aikin da waɗannan mutane suka yi wa ƙasa. Da aka so a kira jama'a ga rigakafi, ga dashen itace, ga sa yara lakwal, ga haɗin kan ƙabilu, su aka nema. Waƙa ta shiga inda takarda ba ta shiga, domin mafi yawan mutanen karkara a wancan lokaci ba su karatun boko. Bahaushe ya yi rawa da waƙar Zabarmanci, Bazabarme ya haddace ta Hausa, ba tare da an tara su a wani taro ba. Da zamanin jam'iyyu ya zo, ƴan siyasa ma sun neme su lokacin yaƙin zaɓe, suka manta da su bayan an ƙirga ƙuri'a. Wanda aka yi amfani da muryarsa haka, bai kamata a bar shi yana yawon neman kuɗin allura ba.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a ceci aikin kansa. Zaren kaset da na manyan faya-fayan rediyo ba ya jure zafi da ƙura, injinan da ke karanta shi kuma an daina ƙera su. A Gine, tsakanin 2008 da 2013, an kwashe waƙoƙi fiye da dubu 9 daga ma'ajiyar gidan rediyon ƙasa da ke Konakiri zuwa kwamfuta, da taimakon babban ɗakin karatu na Ingila. Abin da aka yi a Konakiri ana iya yin sa a Yamai da Damagaram da Maraɗi. Kuma ba a ma'ajiyar gwamnati kaɗai dukiyar take ba. A garuruwa irin su Kornaka, cikin akwatunan tsofaffin direbobi da ƴan tireda da malaman lakwal, akwai kaset ɗin da wataƙila babu irinsa a ko'ina. Majalisar gari tana iya kiran a kawo su, a kwafa, a rubuta sunan ƙungiya da na kowane makaɗi tun masu iya tunawa suna da rai, a mayar wa kowa da abinsa. Wannan aiki ba ya cin kuɗi mai yawa. Himma yake ci.

Na biyu, ofishin haƙƙi ya fita daga babban birni ya je inda dattawan suke, ya rubuta ayyukansu, har da rabon masu kaɗawa, ba mai rera waƙa kaɗai ba, ya kuma nemi magadan waɗanda suka rasu. Gidajen rediyo, manya da na karkara, su riƙa faɗin sunan mai waƙa duk lokacin da suka sa ta, su riƙa ajiye jeri, su biya gwargwadon ƙarfinsu. Masu zuba waƙoƙi a kati su ma a sa musu wani ɗan abu a shekara, kamar yadda kowane mai rumfa ke biyan kuɗin kasuwa. A Barkina Faso ana karɓar wani kaso a kan na'urorin kwafi da ke shigowa ƙasa, ofishin haƙƙinsu kuma ya keɓe asusu don taimakon tsofaffin masu fasaha. Maƙwabci ne, ba Turai ba.

Na uku, a mayar da su dandali, a kuma mayar da su malamai. Ƙungiyar Orchestra Baobab ta Dakar ta watse a ƙarshen shekarun 1980, ta sake haɗuwa a 2001, ta zagaya duniya. Poly-Rythmo ta Kwatano ta farfaɗo bayan an sake buga tsofaffin faya-fayanta. Tsufa bai hana su ba, domin an ba su wuri. Gidajen matasa da al'adu na jihohi suna iya keɓe wa dattawan kiɗa rana, su koya wa yara gita da orgu a kan lada sananne. Attajiran Maraɗi da ke kashe dukiya a bukin ƴaƴansu suna iya gayyatar tsohuwar ƙungiya ta kaɗa da hannunta, maimakon a kunna waƙarta a na'ura mai ita yana gida da yunwa.

Kakannin mutanen Kornaka ba su karanta dokar haƙƙin fasaha ba, amma sun gane abin da dokar ke nufi: wanda ya kaɗa maka ka ji daɗi, yana da rabo a rumbunka. Makaɗin zamani bai kaɗa wa sarki ɗaya ko sana'a ɗaya ba, ya kaɗa wa ƙasa ce baki ɗaya. Saboda haka ƙasa baki ɗaya ce ubangidansa, daga ma'aikatar al'adu har zuwa mai salular da ke sauraronsa a gindin bishiya. Jawabin yabo ranar jana'iza ba ya sayen magani. Waɗanda suka rage ba su da yawa, kuma kowace shekara suna raguwa. In za a yi, yanzu ne.